Katin Fatawu

Ranar Litinin, saura kwana shida a buga wasan farko na gasar cin kofin duniya, katin aikin Fatawu ya ɓace daga kan ƙusa.

Gidan yana hawa na uku a wani tsohon bene a unguwar Mansura ta birnin Doha, bayan tashar metro. Ɗaki uku ne da falo, amma an yayyanka su da katako har suka ɗauki mutum goma sha ɗaya, 'yan Najeriya bakwai, 'yan Gana huɗu. Ƙofa ɗaya, banɗaki biyu, da wani kanta na takalma a bakin shiga.

Fatawu mutumin Kumasi ne, mai gadi a ɗaya daga cikin filayen wasa. Katin shi ne mai igiya da ake ratayawa a wuya, da hotonsa a jiki. In babu shi, babu shiga fili. Litinin ranar hutunsa ce, sai aka bugo masa da azahar ya zo ya maye gurbin wani. Ya kai hannu kan ƙusar da ke saman gadonsa, ya ji wayam. Ya ɗaga katifa, ya zazzage jaka, ya leƙa bayan firiji. Shugabansa a wurin aiki ya ba shi zuwa safiyar Alhamis: ko kati, ko takardar 'yan sanda.

Takardar 'yan sanda na nufin su hawo benen, su ga katako, su ƙirga katifu. Alhaji Masahudu, direban tasi ɗan Kano da sunansa ke kan takardar haya, ya fi kowa sanin haka. Kafin magariba ya riga ya yanke shawara. In Alhamis ta zo ba kati, zai kai musu sunan mutum ɗaya da hannunsa, don kada su zo neman goma sha ɗaya. Mutumin kuwa Aruna ne.

* * *

Ɗalhatu ya dawo daga aiki ya tarar da jakar Aruna a tsakiyar falo, kayanta a warwatse. Ba a taɓa jakar kowa ba sai ita.

Ɗalhatu shekararsa arba'in da bakwai, yana gadin wurin ajiye motoci a Muntazah. Kafin ya zo Doha, shekara ashirin ya yi yana bin sawun shanun sata a dazukan Ɗansadau, shi da mahaifinsa. 'Yan gidan sun sani, kuma sun fi amfani da sanin wajen tsokana. In cokali ya ɓace sai a ce a kira mai bin sawu.

Wannan karon Alhaji bai yi dariya ba.

"Malam Ɗalhatu, ga aikinka ya samu. Ba wai ban san mai shi ba. So nake a ce an bincika."

"Wa ya gan shi da katin, Alhaji?"

"Sai an gan shi? Yaron da aka taɓa kullewa? Ya gudu daga hannun kafil ɗinsa, ubangidan da ya kawo shi ƙasar nan, ba takarda, ba aikin kirki. Ka je ka ga unguwar da ya fito a Akara, in ji Fatawu uwa ba ta sanin inda ɗanta ya kwana. Wanda bai samu tarbiyya ba, ai sai abin da hali ya yi."

"Ni ban ce haka ba, Alhaji," in ji Fatawu daga bakin ɗakinsa. "Cewa na yi Nima akwai cunkoso. Amma yunwa, massa, yunwa ba ta da kunya. Mutum ba aiki, ya ga kati, ya san wani zai saya."

Ɗalhatu ya nemi a nuna masa ƙusar. Ya duba ta, ya duba ƙasa. Tayil ne fari, an goge shi da safe. Ƙasar Doha ba ta riƙe sawu, balle ta cikin ɗaki. Ya tambayi wa da wa ke gida da safiyar Litinin. Aka ce kowa ya fita tun asuba, ban da Fatawu da ke barci da Aruna da ba shi da lokacin fita.

"Ka ji ko?" in ji Alhaji. "Khalas, magana ta ƙare."

"Ka ba ni zuwa Laraba da la'asar," in ji Ɗalhatu.

* * *

Aruna yana zaune a kan matakalar bene, ya haɗa kai da gwiwa. Dogo ne siriri, bai kai talatin ba.

"Baba, kai ma ka zo ka caje ni? Ga aljihu."

"Zauna. Me ya sa aka kulle ka?"

"Kowa ya san an kulle ni, ba wanda ya taɓa tambaya." Ya yi 'yar dariya. "Lokacin korona ne, da aka rufe mu a Sana'iyya, unguwar masana'antu, ba shiga ba fita. Abokin ɗakina yana da ciwon suga, maganinsa ya ƙare. Na haura katanga na je kantin magani. A hanyar dawowa suka kama ni. Kwana goma sha ɗaya."

"Maganin fa?"

"Ya isa. Na jefa shi ta saman katanga kafin su riƙe ni."

"Yau da safe ina kake?"

"Wajen Mma Sanatu. Ni nake ɗaukar mata tukwane. Tun bakwai na fita."

"Ka gaya wa Alhaji?"

"Na gaya masa. Ya ce kafin bakwai fa?" Ya ɗago. "Baba, a gidan nan in sabulu ya ƙare ni ake kallo. Wata rana sai in ji kamar in ɗauki wani abu da gaske, tunda an riga an rubuta mini. In suka kai sunana, jirgi ne kawai zuwa gida. Ba za a ma tambaye ni kati ba."

Ɗalhatu bai ba shi haƙuri ba. Ƙafafunsa ya kalla, don nan idonsa ke fara sauka a jikin kowa. Silifas na roba, dunduniya a faso, rana ta ƙona bayan ƙafar ta bar shatin igiya. Ƙafar mai yawo a rana ce, kuma ta yi daidai da abin da bakin ya faɗa.

* * *

Sanatu tana dafa wake da shinkafa a wani ɗan kicin a Muntazah, tana sayar wa ma'aikata a robobi. Ranar Talata da hantsi Ɗalhatu ya roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa ƙofa, ya leƙa wajenta.

"Aruna? Bakwai da kwata ya zo, bai tafi ba sai bayan azahar. Yaron nan yana riƙe mini kicin in na je asibiti, ko albasa ɗaya ban taɓa nema na rasa ba." Ta juya miya. "Ku maza kuna da abin mamaki. Mutum goma sha ɗaya a gida ɗaya, kuna shaƙar numfashin juna, amma ba wanda ya san abin da ke cin ɗan'uwansa. Kun ba wa mutum ɗaya suna, sauran goman sun huta."

"To a ganinki, Mma, me ke sa mutum sata?"

"Ni mai abinci ce, Malam. Abin da na sani, wanda ya fi jin yunwa ba shi ne ya fi cewa a ƙara masa ba. Akwai ɗan gidanku ɗaya, mai farar riga, mai ladabin nan. Da can kullum yana saye. Yanzu in ya gan ni a hanya sai ya ce ana ba su abinci a wurin aiki. To wuyansa bai nuna ba."

Ɗantala take nufi. Ɗalhatu ya ajiye maganar a ransa bai ɗora komai a kanta ba. Rabin masu gadin garin sun rame a watan nan.

* * *

Da yamma ya hau bas zuwa Asian Town, unguwar ma'aikata. In an sayar da katin, can labarinsa zai ɓulla. Akwai wani Rashad, ɗan Tamale, mai gyaran waya a wani lungu, wanda kowa ya san yana haɗa mai nema da mai sayarwa.

Rashad ya saurare shi, sannan ya fashe da dariya.

"Katin ma'aikaci? Wa zai saya? Da hoton mutum a jiki, ga na'ura a ƙofa, tana karantawa fuskarsa ta fito a allo. In mai shi ya ce ya ɓace, a minti ɗaya an kashe shi. Ko kyauta ka ba ni ba na so, cale, abokina. Tikiti ake nema. Kana da tikitin Gana da Fotugal?"

"Ba wanda ya kawo irinsa?"

"Ɓarawo ba wawa ba ne, Baba. Kasuwa yake bi. Abin da ba ya sayuwa ba ya ɗauka."

A bas ɗin dawowa Ɗalhatu ya zauna kusa da taga. Tutoci sun cika titi, an lulluɓe dogayen gine-gine da hotunan 'yan ƙwallo. Ya lissafa abin da ke hannunsa. Katin ba ya buɗe ƙofa ga kowa sai Fatawu. Ba ya sayuwa. Aruna, da ya san lungunan garin fiye da kowa a gidan, ya san haka. Ke nan wanda ya ɗauka ba shiga yake so ba, ba ciniki yake so ba. Me kati ke yi in ba a ƙofa ba? Ana rataya shi, mutane su gani. Iyakarsa ke nan.

Mahaifinsa in an kira su kan satar shanu ba ya zama a ji wa ake zargi. Yakan ce mutanen gari sun riga sun zaɓi ɓarawonsu tun kafin a haifi saniyar, shi aikinsa ƙasa ce. Sai ya sa kai ya fita bayan gari.

* * *

Laraba da asuba layin alwala ya kai bakin kicin. Ɗalhatu ya tsaya a bayan Ɗantala.

Ɗantala ɗan Funtuwa ne, shekararsa talatin da biyu. Shi ke jan salla in Alhaji ba ya nan. Otal ɗin da yake wa aiki ya rufe a shekarar korona, ya yi ta buga-buga, har wata uku da suka wuce ya shigo da lemo ya ce ya samu gadi a wani filin wasa can wajen gari, da wani kamfani daban da na Fatawu. Tun daga ranar yake fita da asuba cikin farar riga da baƙin wando da baƙin takalmi sau-ciki, ya dawo bayan magariba. Ko sau ɗaya ba a taɓa jin muryarsa a sama ba.

Ya naɗe wando, ya ɗora ƙafar dama a bakin famfo. Ɗalhatu ya kalla, kamar yadda yake kallon ta kowa. Sannan ya sake kallo.

Da aka idar da salla, kowa na neman shayi, ya je wajen kanta. Ya ɗauki takalmin Fatawu ya juya shi. Dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, fatar ta karye a gaba, ciki ya yi baƙi da gumi. Ya ɗauki na Ɗantala. Zanen ƙasan yana nan ɓaro-ɓaro, har 'yar takardar kanti ba ta gama gogewa ba. Ya mayar da su yadda ya same su.

Ya tarar da Ɗantala yana sa safa.

"Yau ka dawo kafin la'asar. Alhaji zai tara mu."

"Yau akwai aiki sosai, Malam."

"Ka roƙa. In ba ka zo ba, da kai da rashinka duk za a yi maganar."

Ɗantala ya dube shi, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da jan safa.

* * *

Mutum takwas suka samu zuwa. Aka zauna a kan leda a falo. Aruna ya tsaya a jikin ƙofa, jakarsa a ɗaure kusa da shi. Ɗantala ya shigo a ƙarshe, ya zauna a gefe da safarsa.

Alhaji ya buɗe taro da cewa shi ba ya son zalunci, amma gida ya fi mutum ɗaya.

Ɗalhatu ya faɗi abin da ya samo a taƙaice. Aruna yana Muntazah daga bakwai da kwata. Katin ba ya sayuwa a ko'ina. Wanda ya ɗauka don a gan shi da shi ya ɗauka.

"A gan shi a ina?" in ji Fatawu.

"Kowa ya miƙe ƙafa. Mai safa ya cire."

Aka yi 'yar dariya. Wani ya ce yau kuma mun zama shanu. Amma aka miƙe. Ƙafafun masu gadi da direbobi duk iri ɗaya ne, sun koɗe, sun yi laushi, yatsu a matse. Ɗalhatu ya bi su da ido har ya zo kan Ɗantala, wanda ya cire safa ɗaya ya tsaya.

Bayan ƙafar baƙi ne ƙirin, da shatin igiyar silifas fari tas, dunduniya a faso. Irin ta Aruna sak.

"Mutumin da ke tsayuwa awa goma sha biyu cikin safa da takalmi, rana ba ta ganin ƙafarsa," in ji Ɗalhatu. "Takalminka kuma bai yi tafiyar da ta wuce daga nan zuwa tasha ba. A ina kake cire shi?"

Ɗantala ya cire ɗaya safar. Ana jin injin sanyaya ɗaki.

"A masallacin kasuwar kayan gwari," in ji Ɗantala. Muryarsa ba ta rawa. "Can nake tura baro. In sa rigar a leda, in sa tsohuwa."

"Aikin filin wasan fa?" in ji Alhaji.

"Sun kira mu, sun auna mu, har sun ce mu sayi takalmi. Na gaya wa Inna a waya. Kafin sati ya zagayo duk unguwa ta ji ɗanta yana aikin kofin duniya. Sai suka fitar da sunaye ba nawa." Ya sa hannu cikin riga ya zaro katin, igiyarsa a naɗe, ya ajiye a kan leda. "Ɗan maƙwabtanmu ya ce mata masu aikin duk suna da kati a wuya, ni ina nawa. Na ce bari in ara ranar hutun Fatawu, in kira ta ta gani, in mayar kafin ya tashi nema. Ina rufe hoton da yatsa."

"Litinin ke nan," in ji Ɗalhatu. "Yau Laraba."

"Ta ce ranar Laraba 'yan'uwanta za su zo daga ƙauye, in sake kira su gani. Na ce da an gama in jefa shi bayan firiji."

"Kana kallo aka zazzage jakata," in ji Aruna daga ƙofa.

"Ina kallo."

Fatawu ya ɗauki katin, ya juya gaba da baya, ya goge shi a wando.

Alhaji ya yi salati, ya girgiza kai. "Sharrin shaiɗan ne. Yaron kirki, ɗan mutunci. Matsin gida ne, wallahi, mutanen gida ba su san abin da muke ciki ba. Ka yi istigfari, Ɗantala. Magana ta mutu a nan."

"Alhaji," in ji Aruna, "shi shaiɗan ne. Ni da ban ɗauka ba, hali ne?"

Alhaji ya gyara zama. Ya ce ai yanzu gaskiya ta fito, kowa ya yi haƙuri, a mayar da jaka ɗaki. Bai kalli ƙofa ba da yake faɗa.

A nan wayar Ɗantala ta fara ruri a kan leda. Kiran bidiyo ne, sunan Inna a jiki, da hoton wata tsohuwa cikin shuɗin mayafi. Ta yi ta yi ta katse. Ta sake farawa.

Aruna ya taso daga jikin ƙofa, ya tsallake ƙafafun mutane, ya miƙa wa Fatawu hannu.

"Cale, ara mini."

"Kai, Aruna."

"Ara nake, a gaban shaidu. Minti biyu."

Fatawu ya ja tsaki, ya ba shi. Aruna ya warware igiyar, ya rataya wa Ɗantala a wuya, ya gyara masa kwalar riga da ƙarfin da ya fi na gyara.

"Yalla, ɗauka, tsohuwa na jira. In ka gama ka ba shi da hannunka. Gobe kuma ka zo ka ɗauki tukwane, Mma Sanatu na neman mutum na biyu. Da silifas ake zuwa."

Ɗantala ya danna. Fuskoki suka cika allon, mata da yara suna leƙe. Ya ɗora babban yatsa a kan hoton Fatawu, ya ɗaga katin. Aka yi guɗa daga Funtuwa. Tsohuwar ta tambaya su wa ke kusa da shi, ya ce abokan zama ne. Ta ce a ba ta babbansu. Alhaji Masahudu ya karɓi wayar, ya gaishe ta da ladabi, ya ce mata ɗanta yana nan lafiya, yana ƙoƙari.

Ɗalhatu ya duba agogo. Saura minti arba'in ya karɓi abokin aikinsa. Ya ƙirga mutanen da ke zaune suna kallon ƙarya ana yinta ba wanda ya ce uffan, ya samu takwas har da shi. Ya tashi ya sa takalmi.

Da ya dawo washegari da yamma, Fatawu yana wurin aiki, jakar Aruna tana ƙarƙashin gadonsa, baƙin takalmin Ɗantala yana kan kanta. A jikin akwatin Alhaji kuma akwai sabon kwaɗon da ya saya ranar Litinin. Bai cire shi ba.